Taragon Shanu

Kukan da ƙafar ƙarfe ke yi in ta sha kwana a kan dogo shi ke fama mini tsohon miki. Gadi nake yi a ƙofar wani bene a unguwar Mushairib, a nan ƙasar waje inda na zo neman kuɗi, kuma ƙaramin jirgin da ke zagaya unguwar ta gabana yake wucewa, fes da shi, ba hayaƙi ba wari. Duk sanda ya yi wannan kuka sai in gan ni a garinmu, tsaye kan tsakuwar layi ba takalmi, ina hararar yayana.

Bari in gaya maka abin da ya haɗa mu. Babanmu ɗan rakiyar shanu ne. In fatake suka yi lodin shanu a tarago za a kai kudu, shi yake shiga tare da su, da sandarsa da gorar ruwa. Aikinsa kada saniya ta kwanta, don in ta kwanta 'yan uwanta za su tattake ta. Sai ya kutsa tsakanin ƙahoni ya murɗe mata wutsiya har ta miƙe. In ya dawo, warin kashin shanu da baƙin mai ya riga shi shiga gida, Inna tana toshe hanci, mu kuwa muna rige-rigen rungume shi.

Al'adar 'yan rakiya ce, yaro in ya tasa ubansa ya tafi da shi sau ɗaya ya ga hanya, kuma bi da bi ake yi, babba kafin ƙarami. Da bazarar wata shekara aka ce Yaya ne. Tsiran da ke tsakaninmu bai taka kara ya karya ba, har na fi shi tsawo, na kuma fi shi rashin tsoron sa. Na yi birgima a tsakar gida har kakarmu ta fito da muciya. Baba ya dafa kaina ya ce, "Bayan kaka kai ne, in Allah ya yarda."

Yaya ya dawo da wata 'yar hular roba da baki cike da labari. Ya ga gada mai tsawon da sai ka yi barci ka farka ba a gama ta ba. Ya ga bishiyoyin da suka rufe rana. Yara suka kewaye shi a dandali, ni ina gefe ina cewa ƙarya yake, alhali kowace kalma na haddace ta.

Damina ta sauka, ciyawa ta rufe dogon, ni kuwa kullum ina can ina kara kunne a jikin ƙarfe. Aka yanke gero, aka cire gyaɗa. Kakarmu ta daka mini dakuwa ta guzuri ta ɗaure a tsumma. Sai aka ce ruwa ya cinye wata gada a gabanmu, a jira gyara. Muka jira. Dakuwar a gindin tsamiyar tasha na cinye ta ni kaɗai. Kafin wata kakar fatake sun koma tirela, kuma direbobin tirela da yaransu suke tafe. Baba ya koma noma, bai daɗe ba ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu layin yana nan, rabi a binne, awaki na kiwo a kai, mata na shanya kuɓewa a dakalin tashar. Kwanan baya magana ta taso a garin. 'Yan kasuwar hatsi da na dabbobi suna so a matsa wa hukuma ta farfaɗo da shi don jirgin kaya, tunda titin mota ya zama maƙabartar tireloli. Samarin da suka yi karatu kuma suka ce a nemi izini a ɗauke ragowar ƙarafan, a share, a dasa darbejiya, ya zama hanyar tattaki da keke, yara su samu wurin wasa, masu ciwon suga su riƙa miƙe ƙafa. Ba zan ɓoye maka ba, irin wannan hanya na gan ta a nan bakin teku, kuma in na ga tsoho da jikansa suna takawa a kai sai in ji ƙyashi. Su an ba su jirgi an ba su wurin yawo, mu a kan gawar guda ɗaya muke faɗa.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne jin cewa Yaya, wanda yanzu dattijo ne da ake jin maganarsa, yana bayan masu cire dogo. Ranar Juma'a bayan masallaci na kira shi a waya daga ɗakinmu na unguwar Mansura.

"Yaya, kai da ka hau, shi ne za ka ce a tumɓuke? Khalas, shi ke nan, tunda ka sha naka?"

Ya yi dariya har da tari. "Kai da kake hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa kullum, mai sanyi? Me ka rasa? Tsaye muka yi cikin kashin shanu har ƙauri. Ƙishirwa ta kusa kashe ni. Gadar ma ban gan ta ba, kuka nake yi, a bakin Baba na ji labarinta."

Ya zaci wannan zai sanyaya mini zuciya, sai ma ya ƙara hura ta. Mu goma sha wani abu ne a gidan, ban taɓa samun Baba ni kaɗai ba ko na tsawon cin tuwo. Shi kuwa ya same shi kwana da kwanaki, daga shi sai shi sai shanu, har da lallashi.

Na ce, "To da kana kukan, me ya ce maka?"

Ina jin kaji a bayansa.

"Wallahi na manta," in ji shi. "Ai an daɗe."

Na ce ya gaida gida, na ajiye wayar. Har yau ina bayan masu jirgin kaya, kuma in an tambaye ni sai in kawo zancen hatsi da lalacewar titi. Amma da ni aka ɗauka, da ban manta ko kalma ɗaya ba.