Sunan Yayana a Cikin Injin Bagdadiyya

Ranar wata Alhamis ce a cikin watan Sha'aban, jim kaɗan bayan sallar La'asar, a wani ƙaramin ofishi da ke hawa na biyu a unguwar Bagdadiyya ta Jidda. Mu biyu ne a wurin, ni da Ammu Bashir, Bahaushen Sudan da ya tsufa a unguwar Hindawiyya, wanda ke kula da injuna da wayoyin kamfanin. Shekaru sun shuɗe, amma wallahi abin da zan faɗa muku haka ya faru. Ya shafi ran yayana Habu, shi ya sa na daɗe ban ba da labarin ba.

Aikina rubuta manhaja ne, kuma kamfanin da ya ɗauko ni daga gida yana haɗa sikelin awon kaya. A ranar ina ƙoƙarin gina manhajar a kan wani tsohon inji, wato kwamfuta, da na tarar a ƙarƙashin tebur tun zuwana, sai ginin ya riƙa tsayawa, yana cewa an bayyana abu ɗaya sau biyu. Da na bi diddigi sai na ga matsalar ba daga rubutuna take ba, daga laburaren tsarin injin ne, wato tarin manhajojin da ya zo da su. Akwai wani fayil na bayanai, irin wanda muke ce wa heda, da ake jawowa ta hanya biyu, ba abin da ke tare shi.

Maganin wannan sananne ne, mai gadi ake sa wa fayil ɗin. Layi uku ne kawai. Na farko yana tambaya ko an riga an san wani suna. In ba a san shi ba, na biyu ya yi masa rajista a buɗe ƙofa, na uku kuma ya rufe daga ƙarshe. In aka sake dawowa, sunan ya riga ya shiga, sai a tsallake fayil ɗin gaba ɗaya. Sharaɗin dai shi ne sunan ya zama sabo, wanda ba a taɓa amfani da shi ba.

Ƙa'idar sana'a ita ce ka samo sunan daga sunan fayil ɗin. Ni kuwa tun ina makaranta na saba da sa sunayen 'yan gidanmu, don na san ba wani Bature da ya rubuta laburare da zai yi karo da ni a kan sunan Hausa. Sai na rubuta sunan kakata, Goggo Dije, na sake gini.

Kuskuren farko ya ɓace, amma wani ya fito a madadinsa, yanzu injin cewa yake bai ga komai na cikin fayil ɗin ba. Ma'ana an tsallake shi tun a karon farko, wato sunan ya riga ya shiga. Na sauya zuwa sunan mahaifina, haka aka yi.

Ammu Bashir ya leƙo ta kafaɗata da kofin shayinsa, ya ce, "Ya muhandis, injiniyanmu, kakarka ka sa gadi? Haram alaik, ka ji tsoron Allah, baiwar Allah ba za ta huta ba?"

Na ce, "Ammu, ai ta daɗe da hutawa. Ita da Baba duk sun rasu."

Ya yi musu addu'a ya koma kujerarsa. Ni kuma na ɗauka wani tsohon aikina ne ya shigo injin, don haka na bincike faifan ajiyarsa kaf, ban sami sunayen a ko'ina ba sai inda na rubuta su yanzu. Sai na buɗe sabon fayil wanda ba komai a ciki sai tambaya ɗaya, in an san suna kaza a nuna min. Na sa sunan mahaifiyata, wadda take raye a Zariya, injin ya ce bai san shi ba. Na sa na ƙanwata, bai sani ba. Na sa na wani abokina da ya rasu muna aji uku, ya ce ya sani.

A nan ne na ji sanyin na'urar ɗakin ya yi min yawa. Na kira Ammu Bashir na nuna masa, ya yi dariya ya ce ai ni ne na shirya wasan. Na ce to ya ba ni sunan da ban taɓa ji ba. Ya ba ni sunaye biyu na mata bai faɗa min ko su wane ne ba. Injin ya san na farko, bai san na biyu ba. Sai na ga ya ajiye kofin a hankali.

Ya ce, "Ta farko ummina ce, mahaifiyata, a Sudan aka binne ta. Ta biyu 'yata ce, tana gida. Halas, ya isa haka, ya waladi, ɗana, rufe abin nan."

Da na ji maganarsa da na huta. Amma ni mutum ne da in abu bai zauna min a kai ba sai na ƙara gwadawa, ina son in tabbatar ko sa'a ce kawai. Na ce bari in ƙara ɗaya daga cikin rayayyu, na rubuta Yaya Habu, wanda ya kira ni a waya kwana biyu kafin nan.

Injin ya ce ya san shi.

Na goge na sake rubutawa, na duba kowane harafi, amsar ba ta sauya ba. Innalillahi, ban san lokacin da na ɗauki waya ba. Ta daɗe tana ƙara, ina tsaye ina kallon Ammu Bashir yana motsa baki, can sai aka ɗauka.

"A'a, Balaraben Jidda! Yau kuma ka tuna da talakawa?"

Muryarsa ce garau, har ina jin ƙarar cokali, yana cin abinci a shagonsa. Na tambaye shi lafiyarsa, ya ce ƙalau, sai dai in ni ne zafin teku ya taɓa. Na ce, "Yaya, don Allah in kana da tafiya a kwanakin nan ka fasa."

Ya ce, "Kai kuma yaushe ka fara duba? Ina ce kwamfuta ka je yi?"

Me zan ce masa? In ce injin sikeli ne ya gaya min? Na ce mafarki na yi mara daɗi. Ya ce in yi tofi a hagu in yi sadaka, shi ba inda za shi, ko Kaduna ba zai leƙa ba. Ya ƙara da cewa in daina ƙwauron kira, sannan ya kashe.

Na zauna, kuma ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya koma kan madannai. Sunan matata ne ya zo min, bayansa na ɗana, bayansa nawa. Na fara buga harafin farko sai Ammu Bashir ya riƙe min wuyan hannu, riƙo mai ƙarfi irin wanda ban zaci yana da shi ba.

Ya ce, "In ya ce ya sani, me za ka yi? Me ka yi wa yayanka yanzu?"

Ya tsaya a kaina har na goge fayil ɗin gwajin, na sa wa mai gadin suna daga sunan fayil kamar yadda ake yi, na sake gini, ya tafi lafiya ba ko tangarɗa. Ammu Bashir ya ce yalla, mu tafi, muka kulle ofishin muka fito da sauran rana.

Ranar Juma'a na yi ta kiran Yaya har ya fara faɗa. Na sa ƙanwarmu ta lallaɓa shi ya je a auna jininsa, aka ce lafiya lau. Ranar Asabar ya dawo daga sallar Asuba, ya zauna a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa ya ce a kawo masa koko. Kafin a kawo ya cika.

Ban san abin da ke cikin injin nan ba, kuma ban yarda cewa wani abu ya san gaibu in ba Allah ba. Na tambayi malamai, na tambayi waɗanda suka fi ni sanin sana'ar, ba wanda ya gamsar da ni. Abin da zan ce wa masu irin aikina shi ne ku samo sunan mai gadi daga fayil, ku bar sunayen mutane. In kuma kuka ga inji ya amsa abin da bai kamata ya sani ba, kada ku ƙara masa tambaya.

Ammu Bashir ya nemi kafilinmu, wato mai kamfanin, ya bari a fasa faifan, ya ƙi, ya ce inji mai aiki ba a fasa shi. Da kamfanin ya tashi zuwa unguwar Ammariyya, sai aka haɗa shi da tsofaffin kujeru aka kai kasuwar gwanjo, kuma direban da ya kai ya ce tun kafin ya gama sauke kaya wani ya saye shi.