Rautar Alhaji da Zafin Azahar

Da na gama karatu na dawo Ƙanƙara, aikin da na samu shi ne kula da rautar wata cibiyar kwamfuta, akwatin nan mai ƙaho biyu da ke raba intanet. Mutanen ƙasar sanyi ne suka rubuta manhajarta. Sun koya mata cewa in zafi ya kai wani mataki, gobara ce, ta kashe eriya. A garinmu wannan matakin sunansa azahar.

Sai na kutsa can cikin ƙashin manhajar, inda take magana da eriya, na yi mata faci na layi tara. Ina son layukan nan kamar baitocin da nake ɓoyewa a bayan littafi. Na aika wa masu manhajar su haɗa da nasu. Suka amsa cikin ladabi cewa ma'aunin zafina ne ya lalace, ko kuma in buɗe taga.

Duk sabon zubin manhajar da suka fitar, da sabuwar lambarsa, sai sun sake jeren ɗaki: wannan suna ya canza, wancan fayil ya yi ƙaura. Haka zan bi layukana ɗaya ɗaya ina nema musu mazauni, in gwada, sannan in ɗora. Kwana uku, wani lokaci mako.

Alhaji mai cibiyar ba ya iya jira. Yana da amini a Faskari mai irin sana'arsa, kuma gasar lambar zubi suke kamar masu gwada ragon layya.

Ranar rufe rajistar jarrabawar shiga jami'a, 'yan mata daga Ketare da Mabai sun cika benci tun hantsi. Na dawo daga sallar azahar na tarar intanet ta ɗauke, Alhaji yana murmushi.

"Ɗiyata, na sabunta maki ita. Mutumin Faskari ya ce tashi ta wuce tamu."

"Alhaji, facina fa?"

"Sabon abu ina ruwanshi da faci?"

Na jona waya na fara mayar da tsohon zubi mai facina. Wata Hajiya da ta rako jikarta ta matso tana yi wa rautar fifita da faifai, tana mata sannu. Yarinyar ƙarshe ta karɓi takardarta ana kiran magariba.

Washegari na rubuta faci na biyu, layi ɗaya tak, mai sa shafin rauta ya nuna lambar zubin da ko masu manhajar ba su kai ba. Alhaji ya ɗauki hoto ya tura Faskari. Bai sake taɓa maɓallin sabuntawa ba. Aminin kuwa, an ce har Kano ya aika a nemo masa irinta.