Goyon Malam Mati

Duk wanda ya saba bin hanyar Ɗambatta ranar kasuwa ya san Zaharaddini, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan da ke kan jan babur irin na tsere, ya duƙa a kan tanki kamar zai tashi sama, amma masu keke suna wuce shi. 'Yan acaɓa har tsiya suke masa: "Mai ruku'u! In ka isa jibi ka ce muna gaisuwa!" Shi dai sai ya ɗan ɗaga yatsu daga kan birki, iyakar amsarsa ke nan.

Mutumin Kwarin Gawo ne, manomin gyaɗa da gero. Da rani yana bin ƙauyuka yana sarin gyaɗa, ya kai wa mata masu matsar mai. Shi ne ɗan fari a wurin Malam Mati, kuma Malam Mati mutumin zamanin da ne, cikin masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da aka haifi Zaharaddini bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa ba, ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Ko magana ta haɗa su, sai tsohon ya yi ta kamar da iska yake: "An dawo?" "A duba akuyar nan." Shi kuma ya amsa kansa a ƙasa. Ba ƙiyayya ba ce, kowa a garin ya sani. Haka mahaifin Malam Mati ya yi wa nasa ɗan farin.

Abin da ya kusanta su shi ne ciwo. Da hawan jini da ciwon suga suka kama tsohon, duk wata sai an kai shi asibiti a Ɗambatta, kuma ƙannen Zaharaddini duk suna kudu wurin nema. A lokacin yana da tsohon babur irin na 'yan acaɓa, mai doguwar kujera da kariyar ƙarfe a baya. Malam Mati yakan zauna can ƙarshen kujerar, ya mai da hannayensa baya ya riƙe kariya, ya ajiye ledar magungunansa a tsakaninsu. Ko rigunansu ba sa gogar juna. Da an tashi sai ya ce, "A rage gudu," alhali ko ƙofar gida ba su bari ba. Daga nan shiru har asibiti. Shekaru suka yi a haka.

Shi kuwa Zaharaddini, son gudu tsohon ciwonsa ne. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau ya shiga Kano, ya ga jan babur ɗin nan a wurin wani matashi mai sayar da na hannu, Jamil.

"Oga, wannan jirgi ne, fiffike kawai aka manta ba a sa masa ba," in ji Jamil, yana goge tanki da hannun rigarsa. "Ɗan wani Alhaji ne ya hau, uban ya hana."

"Yana ɗaukar kaya?"

"Kaya? Haba oga, kar ka zage shi mana."

"Goyo fa?"

"Yana goyo mana, ga wurin nan." Ya buga wata 'yar kujera da ke can sama a baya, ba ta fi faifai ba. "Madam za ka ɗora, ta rungume ka, kowa ya kauce."

Suka yi dariya. Zaharaddini bai tuna da kowa ba sai kansa. Ya bar wa Jamil tsohon babur ɗinsa, ya cika da abin da gyaɗa ta kawo, ya hau.

Tun kafin ya fita daga Kano ya gane cewa abin da ya iya a baya ba zai yi masa amfani ba. Tsohon babur duk giyarsa ƙasa ake takawa. Wannan kuwa ta farko ce kawai ƙasa, sauran da bayan ƙafa ake ɗago su, ga shi da silifa, kafin ya isa gida fatar babban yatsansa ta saɓule. Totur ɗin ko shafa shi ka yi sai babur ya yi tsalle kamar an tsikare shi. Ba a zama a miƙe, dole ka kwanta gaba, nauyinka duk a wuyan hannu, ƙugunka yana kuka. A kan kwalta dai ya ji daɗin da ya je nema, iska tana tsaga masa kunne. Da ya sauka hanyar yashi ta garinsu, ya damƙi birkin gaba yadda ya saba, sai ga shi a ƙasa a gaban dattawan da ke zaune a gindin gawo.

Ɗanliti bakanike, abokinsa tun suna yara, shi ya ɗaga shi. Ya zaga babur ɗin yana kaɗa kai. "Zaharaddini, tuƙi ake a kan wannan ko salla? Ai tun daga nesa na ce wane ne wannan ya yi ruku'u ya ƙi ɗagowa." Sunan ya bi shi tun daga ranar.

Matarsa Ramlat ba ta yi dariya ba. Ta leƙa zaure ta dube shi, ta ce, "To gyaɗar a ina za ta zauna, a aljihunka?" Sai ta juyo wurin mijinta. "Baba fa?"

Sai a lokacin abin ya faɗo masa.

Ranar asibiti Malam Mati ya fito da ledarsa da sandarsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon 'yar kujerar nan da ta karkata gaba, yadda duk wanda ya hau sai ya zame ya kwanta a bayan mai tuƙi. Ya kai hannu baya yana laluben kariya, roba ce kawai mai santsi.

"Ina ake riƙewa?"

Zaharaddini ya sunkuyar da kai. "Ni ake riƙewa, Baba."

Tsohon bai dube shi ba. Ya gyara hularsa. "A bari. Yau da sauƙi." Ya koma ciki.

Zaharaddini ya aro babur ɗin Ɗanliti, tsohon ya ce shi ba ya hawa abin aro. Ya kira ɗan acaɓa, tsohon ya ce so ake gari ya ce ɗansa ya gaji da shi? Ramlat ce ta ji ainihin maganar, ranar da ta kai masa kunu. Ya ce da ita, "An sayar da wurin zamana, ko a gaya mini."

Zaharaddini ya koma Kano wurin Jamil, ya tarar tsohon babur ɗin ya daɗe da tafiya. "Oga, ciniki ai ya faɗa," in ji Jamil, wannan karon ko tashi bai yi ba. A ƙauye babu mai sayen abin da ba ya ɗaukar buhu, ga shan mai. Ɗanliti ya yi masa waldar wata kariya, suka gwada da buhun gero, ta ɓalle kafin su kai bakin rijiya. "Ba wurin kamawa a jikinsa," in ji Ɗanliti. "Wanda ya ƙera shi bai da uba, wallahi."

Watanni suka wuce. Zaharaddini yana sayo magani a kemis ya ba Ramlat ta miƙa, amma babu mai auna tsohon. Ƙafafunsa suka fara kumbura, yana ɓoye su a cikin riga.

Abin da Zaharaddini ya ga zai iya shi ne ya koyi babur ɗin. Bayan la'asar sai ya ɗora rabin buhun gyaɗa a kan 'yar kujerar ba tare da ya ɗaure ba, ya shiga siririyar hanyar da ke tsakanin gonaki. Da farko yana sakin kuloci buhun zai faɗi. Ya sauka ya ɗauka, ya sake. A hankali ya gane cewa wannan babur da lallashi ake bi da shi: a saki kuloci kamar ana ajiye ƙwai, a bar birkin gaba a cikin yashi, a matse tanki da gwiwa don nauyi ya bar hannu. Ya kai ga yana zaga gonarsu buhun bai motsa ba. Tunaninsa shi ne, in ya iya tafiyar da ba girgiza, wataƙila tsohon ya yarda ya zauna ba sai ya riƙe kowa ba. Ya sa Ramlat ta gaya masa. Amsar da ta kawo ita ce, "An gode."

Wata ranar kasuwa da damina, da hantsi, Malam Mati ya faɗi a bakin rumbu. Duk mai babur a garin ya tafi Ɗambatta, mota kuma ba ta shigowa in ruwa ya sauka. Zaharaddini da bai kai ga fita ba ya hau jan babur ɗinsa, Ramlat da wani maƙwabci suka ɗaga tsohon suka ɗora a kan 'yar kujerar. Ya zame ya kwanta a bayan ɗansa, hannayensa suna lilo.

"Zai faɗi," in ji maƙwabcin.

Ramlat ta ruga ɗaki ta fito da zanen da take goya 'yarta da shi. Ta zagayo da shi ta bayan tsohon, ta kawo gaban mijinta ta ɗaure tamau a ƙirji, ta sake ɗaurewa a ciki. "Baba, ka yi haƙuri," take ta faɗi. "Ka yi haƙuri, Baba."

Tsohon bai da nauyi. Abin da ya fara ba Zaharaddini tsoro ke nan, ko rabin buhun nan bai kai ba. Yana jin ƙasusuwan ƙirjinsa a bayansa, da gemunsa a wuyansa, da warin man zafin da yake shafawa. Ya bi yashi da taɓo yadda ya koya, babur bai yi ko tangaɗi ba.

Da suka hau kwalta hanya ta miƙe fetal, babu kowa. Ga abin da aka ƙera babur ɗin dominsa. Ya ɗago giya, ya murɗa totur, gonaki suka fara gudu baya. Sai ya ji hannu ya lallaɓo ya kama rigarsa ta wajen ciki, ya damƙe. Muryar ta zo a kunnensa, ƙasa-ƙasa.

"A rage gudu."

"Baba, asibiti za mu."

"A rage."

Bai taɓa musa masa ba, bai san yadda ake yi ba. Ya sassauta. Haka suka shiga Ɗambatta, hannun yana nan a rigarsa, masu kai awaki kasuwa suna juyowa suna kallon ƙato ya goyo tsoho da zanen mata.

A asibiti ma'aikaciyar da ta saba auna shi ta gane shi. Tana kwance zanen ta ce, "Malam Mati! Ina kuka shiga duk watannin nan?" Zaharaddini ya karɓi zanen ya ninke. Tsohon bai sake magana ba. Ya yi 'yan kwanaki a gadon asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki Ramlat ta tambayi mijinta ko Baba ya ce wani abu a hanya. Ya gaya mata. Ta jira ko akwai saura, babu.

Har yau Zaharaddini bai san ko da ya ƙi ji ya yi gudun da an ceto tsohon ba. Ya fi yawan tunanin watannin da suka wuce babu awo. Bara Ɗanliti ya samo masa mai saye, wani malamin makaranta daga Minjibir, Zaharaddini ya ce ba na sayarwa ba ne.

"To ka hau shi yadda ake hawa mana!" in ji Ɗanliti. "Kana ɓata wa babur suna."

Ya ce to. Ranar kasuwa ya ɗora rabin buhunsa a baya, ba ɗauri, ya duƙa ya kama hanya. Sarin ya ragu, don sai ya yi sawu da yawa kafin ya kai abin da yake kaiwa da sawu ɗaya a da, kuma ƙugunsa ba ya barinsa ya daɗe a tsaye a gona. Zanen yana cikin akwatin Ramlat, ba ta sake goyo da shi ba.