Hatimin Bulus

Ranar Talata ce. Ƙarfe bakwai da rabi muka buɗe shago, ni da mijina Bulus. Shagon buga takardu ne a Samaru, layi na biyu daga titi, inda ɗalibai ke kawo furojet mu buga mu ɗinke. Babu wuta tun asuba. Bulus na tsugune yana fama da janareta, ni ina cin ƙosai ina yi masa tsiya.

Tsiyar ɗaya ce, shekara shida. Duk aikin da muka gama sai mun danna hatimin shago a bangon baya, don ɗalibi ya gani ya turo ɗan'uwansa. Kowa a layin haka yake yi. To, hatimin namu sunan Bulus kaɗai ke jiki da lambar shago, alhali ni ke zaman kwamfuta har bayana ya ƙage. Kullum sai ya ce mako mai zuwa zai sa a ƙara nawa.

Kwana tara kafin nan wata tsohuwa, Goggo Hanne, ta zo da takarda ƙunshe a leda. Sunayen mutanen da aka kwashe ne tun da yaƙin daji ya tsananta. Wasu malaman makaranta, wasu manoma. Ɗaya ɗanta ne, laifinsa ya tambayi inda aka kai maƙwabcinsa. Ba kotu, ba ziyara. Koke take so ta kai wa lauya, shago uku sun kore ta. Bulus ya karɓa, ya raɗa min kada sunanmu ya fito a jiki. Na buga sunaye talatin da ɗaya, na ɗinke kwafi biyar. Suna haɗe da tarin furojet a tebur, hannuna ya bi su duka da hatimi. Allah ne shaidata, ban san na yi ba. Sai bayan kwana biyu abin ya faɗo min. Ban gaya masa ba. Kunya na ji, da tsoro.

Goma saura kwata na zaga bayan shago in wanke hatimin, tawada ta cushe shi. Sai janaretocin layin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shiru irin wannan ban taɓa ji a Samaru ba. Sai birki. Sai ƙofofin mota.

“Kowa ya kwanta!”

Harbi biyu a sama. Tiren mai ƙosai ya kife, na ji yana ta juyi a ƙasa. Na leƙa ta hujin kwanon shago. Motoci biyu, ba lamba. Mutanen cikin baƙaƙen kaya, fuska a rufe. Ɗaya na riƙe da koken Goggo Hanne, ya juyo bangon baya.

“Waye Bulus?”

Bulus ya miƙe, hannu duk baƙin mai. Ya dubi hatimin da ke jikin bangon, ya daɗe yana dubansa. Ko sau ɗaya bai waiwayo ƙofar baya ba.

“Wa ya buga wannan?”

“Ni ne. Ni kaɗai ke aiki a nan.”

Bulus fa, da ke lalubo harafi da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar gero.

Suka sa masa gindin bindiga a haƙarƙari. Ya durƙusa. Suka ja shi, suka kwashe kwamfuta da firinta. Wani ɗalibi ya ɗaga waya, aka harbe shi a cinya. Ihunsa na ji kafin na ji wani ya ce, “Duba baya!”

Na tsallake kwata. Na ratsa gidan hayar ɗalibai mata, igiyar shanya ta ɗauke min ɗankwali, ban tsaya ba. Goma da minti ashirin na tare keke a bakin titi, na ce a kai ni Jushi. Gab da shiga Sabon Gari an tare hanya, ana leƙa kowane keke, muka daɗe a layi. Sai na ga hannuna, shuɗin tawada har wuyan hannu. Matar da ke gefena, ban san ta ba, ta kalle shi, ta kalle ni. Ta ɗora min ƙullin alayyahunta a cinya. Aka leƙo, aka buga rufin keke, muka wuce.

Ana kiran azahar na isa gidan Inna Asabe, yayar mahaifiyata. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta sa sakata, ta kama hannuna tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Hatimin na ciki. Ya yanke min tafi, ban ji ba. Washegari ƙarfe shida ta raka ni tasha, na tafi ƙauyenmu da zani ɗaya.

Wata goma sha huɗu ke nan. An je ofis-ofis, kowa ya ce bai san da shi ba. Shagon wani mai gyaran waya ne a ciki yanzu. Goggo Hanne ta aiko min da kwafin da ya rage mata, tawadar hatimin ko dishewa ba ta yi ba.

Makon jiya na ari kwamfuta a ofishin coci na sake buga koken, don lauyan ya ce a sabunta. Sunayen na san su da ka. Na kai talatin da ɗaya, na sauka layi, na rubuta Bulus. Na ɗinke. Na juya bangon baya, na bar shi fari.