Ranar da Inna ta kalli zari-ruga

Shekarun baya, lokacin da ƙanina yake karatu a Amurka, gidanmu ya shiga wani hali da har yau in na tuna sai in yi dariya, in kuma yi hamdala.

Mu a Makka aka haife mu, ni da shi. Kakanmu ne ya zo Hajji ta Sudan bai koma ba. Mahaifinmu ya yi sana'ar tsire a unguwar Kudai har Allah Ya karɓi ransa, ni na gaji tukubar. Shi kuwa autanmu kansa na ja, makaranta ta karɓe shi, har ya samu gurbin karatu a can. Ranar da zai tafi, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ko hawaye ba ta yi ba. Ta dafa kansa ta ce ya riƙe sallah, shi ke nan.

Sanyin ƙasar ne ya kwantar da shi a shekararsa ta biyu. Ciwon haƙarƙari, har da kwanciya asibiti. Bai gaya wa kowa ba, har ni. Da ya murmure ya kira mu ta bidiyo, Inna ta kalli fuskarsa sau ɗaya ta ce, "Auta, ina kumatunka?" Ya fara kame-kame, wai karatu ne ya yi yawa. Ta ce, "Ni za ka yi wa ƙarya?" Dole ya faɗi gaskiya.

Ta tambaye shi wa ya yi jinyarsa. Ya ce akwai mutane. Ta ce waɗanne mutane? Ya ce maƙwabta ne. Daga nan ba ta ƙara sauraron komai ba. A wurinta, ɗanta ya kwanta rai a hannun Allah a ƙasar da ba shi da uwa ba shi da dangi, kuma ita tana nan tana barcinta ba ta sani ba. Ta ce, "Khalas, magana ta ƙare. Ka tattara ka dawo kafin azumi. Karatun da zai sa a binne min kai inda ba zan ga kabarinka ba, na yafe shi."

Saura masa shekara guda da ɗoriya ya gama. In ya dawo, gurbin ya tafi, wahalar da ya sha ta tashi a banza. Kuma ba yaron da zai tsallake maganar Inna ba ne. Kullum yana kirana, "Yaya, don Allah ka yi mata magana." Ni kuwa duk sanda na ɗauko zancen sai ta ce, "To, kai da ka yi naƙudarsa, ci gaba ina ji." Sai in kama bakina. Ta daina cin abincin kirki. Bayan la'asar ta tafi Harami, tana roƙon Allah Ya juyo mata da ɗanta gida. In ya kira, "lafiya lau" kawai yake samu, sai ta miƙo min wayar.

Sha'aban ya kama, har ya fara duba jirgi. Sai wata rana ya kira ni ya ce, "Yaya, ranar Asabar kada ka hura wutar tukuba da yamma." Na ce saboda me? Ya ce maƙwabtan nan nasa mutanen wani ƙaramin tsibiri ne can tsakiyar teku, ɗansu abokinsa ne, kuma ƙasarsu za ta zo ta buga ƙwallon zari-ruga da Amurka. Za su je kallo da shi, yana so Inna ta gani.

Na ce, "Inna da zari-ruga? Matar da ko ƙwallon ƙafa muke kallo take cewa ƙarti sun rasa aikin yi?"

Ya ce, "Kai dai ka nemo tashar. Ni zan kira ta waya."

Na gaya wa Inna cewa wataƙila a nuno auta a talabijin. Ta ce ita ba ta da lokacin shirme. Amma ranar, ana idar da magariba, na tarar ta saka mayafinta na fita unguwa ta zauna a falo, da carbi a hannu, fuska a ɗaure. Ni kuwa na riga na karanta dokokin wasan a waya sama-sama, na harɗe kusa da ita a matsayin malami.

Su can rana tsaka ce. Talabijin ya nuno wani ƙaton filin wasa, hawa kan hawa, saman duk kujeru ne babu kowa. Amma ɓangare guda ya cika maƙil da mutanen tsibirin, da tutoci da ganguna. Wayar ta yi ƙara. Ga auta a tsakiyarsu kamar tsinke a cikin itatuwa, hayaniya ba a cewa komai. Sai wata ƙatuwar fuska da aka shafe da fenti ta shigo, ta ce da karyayyen harshe, "Salamu alaikum, Mama!" Inna ta ja baya, sannan ta amsa a hankali, don sallama ba a ƙin amsa ta.

Abokin nasa ne. Yana gama gaisuwa ya shiga mita, auta yana fassara mana yana dariya. Wai filin ba na wasansu ba ne, na ƙwallon Amurkawa ne, wurin da ake bugawa ya matse, ga zanen wancan wasan nan bai gogu ba. Wai ciyawar ma ta roba ce, in mutum ya faɗi sai ta sale masa fata. Ga lasifika ta ishe su da bayanin dokoki kamar ana koya wa yara, su kuma masu gida ana tsakiyar kai hari za su miƙe su tafi sayen abinci. Na ce to me ya kawo shi? Auta ya tambaye shi. Ya bugi ƙirji ya ce ko a kan kwalta za a buga sai sun zo. Wasunsu daga ɗaya ƙarshen ƙasar suka tuƙo mota, suna kwana a hanya, don rabon da su ga tutarsu a fili an daɗe.

Kafin a fara, 'yan wasan tsibirin suka jeru suna buga ƙafa, suna zare ido, suna ihu da murya ɗaya. Inna ta ce, "A'uzu billahi. Yaƙi za a yi?" Na ce al'ada ce. Aka fara, ƙarti suka dunƙule kai da kai kamar raguna. Ta ce me suke nema a ƙasa? Na ce shawara suke yi. Sai ga ƙwallo ta fito ta ƙarƙashin ƙafafunsu. Can ta ce, "Wannan gaba yake son zuwa, me ya sa yake jefa ta baya?" Na ce kuskure ya yi. Na biyu ya jefa baya, na uku ma haka. Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Kai ma ba ka sani ba. Yi mana shiru." Nan malantata ta ƙare.

Ana cikin haka wani hannu ya karɓe wayar daga auta. Wata dattijuwa ce mai jiki, da furfura, ta soke fure a bayan kunne. Uwar abokin nasa. Ta ƙura wa Inna ido, ta dafa ƙirjinta, ta yi magana.

Inna ta ce, "Me ta ce?"

Ya sosa kai. "Wai ina da taurin kai. Wai ba na sa rigar sanyi."

"Gaya mata haka kake tun kana rarrafe."

Matar ta ji fassarar ta bushe da dariya har tana buga cinya. Na ga gefen bakin Inna ya motsa.

Daga nan suka manta da ƙwallon. A ranar ne muka ji labarin da auta bai iya ba mu ba, ko kuma ba a bar shi ya bayar ba. Ta bango matar take jin tarinsa. Da ta ji tarin ya canza, kuma an buga ƙofa bai buɗe ba, ta sa ɗanta ya ɓalle ta. Su suka kai shi asibiti. Ita ta zauna a kujerar gefen gadonsa har aka sallame shi, ta mayar da shi gidanta, tana shafa masa man kwakwa a ƙirji. Da ta ji ba ya cin alade, ta sayo sabuwar tukunya ta ware masa, ta hana kowa taɓa ta.

Inna ta gyara zama. Ta shiga tambaya kamar mai binciken gidan da za ta ba wa 'ya. Me take dafa masa? Kifi da rogo da madarar kwakwa. Yana ci? Sai an tsaya a kansa. Yana yawon dare? Matar ta kaɗa yatsa, ta ce ba a gidanta ba.

Aka tafi hutun rabin lokaci. Matar ta dubi agogonta, ta zunguri auta ta faɗi wani abu, ta zaro wata 'yar tabarma daga jakarta ta miƙa masa. Ya ce, "Inna, bari in yi azahar in dawo." Ya ba abokinsa wayar. Shi kuma bai kashe ba, ya bi shi da ita a hannu. Muna gani suka fita wani baranda cike da mutane, kowa da kofi da abinci yana kai da komo. Auta ya samu lungu ya shimfiɗa tabarma. Abokin ya yi fito, sai ga wasu ƙarti irinsa, fuska duk fenti, sun zo sun jeru sun ba auta baya, sun harɗe hannu. Ba wanda ya gifta ta gabansa har ya sallame. Daga yadda suka yi, ka san ba yau suka fara ba.

Carbin Inna ya tsaya a hannunta. Ni kuwa ban kalle ta ba.

Aka dawo, aka cinye mutanen tsibirin. Ba da yawa ba, amma an ci su. Na zaci za a watse rai a ɓace. Sai gaba ɗaya ɓangaren nasu ya miƙe, suka kama kafaɗun juna, suka ɗauki wata waƙa mai sanyi, maza da mata murya ta haɗu kamar sun shekara suna koyo. Har Amurkawan da suka fara fita suka tsaya a kan matattakala suna saurare. Inna ta ce, "An ci su kuma suna waƙa?" Auta ya ce waƙar gida ce, suna tuna tsibirinsu.

Matar ta sake karɓar wayar, hawaye ya jiƙa mata fuska. Ta yi magana mai ɗan tsawo. Auta ya fassara.

"Ta ce ita ma tana da 'ya a wata ƙasa, tana aikin jinya, a hannun mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ta ce abin da take fata wani ya yi wa tata, shi take yi wa naki."

Inna ta kalli matar. Sannan ta ce, "Tambaye ta sunan 'yar. Gobe zan je Harami, zan ambace ta."

Auta ya rage murya. "Inna, Kiristoci ne fa."

"Na tambaye ka?"

Ya faɗa wa matar. Ta rufe bakinta da hannu biyu. Ta faɗi sunan, Inna ta maimaita, matar ta gyara mata, Inna ta sake maimaitawa har ya zauna a bakinta.

Aka kashe waya, Inna ta shige ɗaki ba tare da ta ce uffan ba game da dawowarsa. Na kwana ban san inda aka tsaya ba. Da safe ta ce in sayo mata ful da tamis, waken da gurasar da muke karyawa da su a nan. Ta cinye tas, abin da rabon da in gani tun kafin zancen ya taso. Tana shan shayi, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Ka gaya wa ɗan'uwanka ya gama abin da ya kai shi."

Ya gama kuwa. Yanzu yana aiki a Jidda, da matarsa da 'ya'yansa.

Ni dai har yau ban taɓa haɗuwa da matar nan ido da ido ba, kuma ban iya yarenta ba balle in yi mata godiyar da ta dace. Ta ɗauki ɗan wasu ta riƙe kamar nata, ba ta san mu ba, ba ta jiran komai daga gare mu. Mu da muka tashi a garin da baƙi suke zuwa daga ko'ina, na ɗauka mu muka fi kowa sanin haƙƙin baƙo. Ashe akwai inda za a koya mana. Tun daga lokacin in alhaji ya tsaya a tukubata na ga alamar ba shi da lafiya ko ya ɓata hanya, ba na iya barinsa ya wuce haka nan.

Wani lokaci nakan ga masoya wasan suna gardama a intanet, wai filayen Amurka ba su dace da zari-ruga ba, sun yi girma, ba sa cika, masu gida ba su san daɗinsa ba. Wataƙila gaskiyarsu ne, ni ba zan sa baki ba, don dokokin ma har yanzu ban gama gane su ba. Abin da na sani kawai, a ɗaya daga cikin filayen nan ne hankalin mahaifiyata ya kwanta.

Inna ta tsufa yanzu, idon ma ya yi rauni. Amma duk sanda ta ji ana wasan a talabijin, sai ta ɗaga kai ta ce, "Mutanenmu ne?" In na ce su ne, sai ta ce, "Sun ci?" Galibi ba su ci ba. Sai ta gyaɗa kai ta ce, "Ba komai. Allah Ya ba su na gaba."