Layin da Malam Ya Dangwala wa Yatsa

Dambun nama nake yi a gida, a nan Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, tun ina amarya. Da farko iyakar cinikina unguwa, sai waya ta zo ta kai ni Legas da Abeokuta ina zaune a ɗaki. Masu biki su kira, mu yi ciniki da guntun Yarbancina, Malam mijina ya ɗauki bokitai ya kai tashar Ojoo ya ba direba. Yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba, su ma ba su san ƙofar gidanmu ba. Lambar wayar nan kaɗai ta haɗa mu, kuma da ita muke ci.

Layin kuwa da sunan Malam yake. Da aka ce a yi rajista, shi ya je aka ɗauki hotonsa ya dangwala yatsa. Matar aure ta kutsa cikin cunkoson maza don a ɗauki fuskarta? Duk matan gidanmu haka suka yi, ba wadda ta ga aibu.

Ranar da tirela ta bi ta kan acaɓar da ya hau, wayar tana aljihunsa, don da ita yake kiran direba. An kawo mini gawa, ba a kawo waya ba. Kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi.

Ina cikin takaba ba halin fita, sai ƙaninsa mai dako a kasuwar Shasha ya bar aikinsa ya je ofishin masu layin. Ya dawo ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya, sun ce sai mai layi ya zo da kansa ya dangwala."

"Ka gaya musu ya rasu?"

"Na gaya musu. Wai a kawo takardar asibiti da ta kotu."

Wace takarda? Mutumin da aka kwashe daga titi aka yi masa salla a ranar, wane likita ya gan shi? Mu dai mun san gaggauta gawa lada ne, ba wanda ya ce mana sai an tsaya neman hatimi. Raina ya ɓaci har na manta ina takaba, na zazzaga wa bawan Allah masifar da ba shi ya jawo ba.

Da na fita takaba na je da ƙafata. Daga wannan tebur a tura ni wancan, kowa na cewa "Mama, sori", sai ka ce sori tuwo ne. Na gaji na sayi sabon layi da yatsana, amma wa ya san shi? Na koma ƙulla dambu a leda, ina jiran maƙwabta. Babbar tukunyar ma na sayar da ita.

Bayan an fi shekara, wata rana na sa 'yata ta danna mini tsohuwar lambar. Sai ta shiga. Wallahi har na sa rai da muryar Malam.

Wata budurwa ce ta ɗauka. Sabon layi ta saya, aka ba ta lambata. Na yi mata bayani da Yarbanci, na roƙe ta duk wanda ya nemi mai dambu ta ba shi sabuwar lambata.

"A'a, ashe ke ce Iya mai dambun!" in ji ta. "A da sun dame ni, kullum ina ce musu ba nan ba ne. Amma Mama, ai sun daɗe da daina kira."