Layar da Ke Wuyan Babur Ɗina

Bayan mun baro Hartum, ni da Gwaggo, ƙanwar mahaifina wadda ta rene ni, sai muka tsallaka Habasha. Can na yi ta faci da wankin inji har na sayi babur na hannu, baƙi, mai lambar ƙasar. Ana nan sai saƙo ya zo daga Gadarif, can Sudan, cewa wani mai gona a Simsim yana neman wanda zai kula masa da masu yankan riɗi, amma sai mai abin hawa. Riɗi kuwa in ya nuna ba ya jiran kowa. In na makara, wani za a ba.

Na bi ƙa'ida tiryan-tiryan, don ba na son a raina ni a gaban teburi. Takardar mallaka da sunana, lasisin tuƙi, inshora, da takardar fita daga kwastan na can, duk na haɗa. Gwaggo ma ta yi nata shirin ba da sanina ba. Ta karɓo laya, ta sa baduku ya ɗinke ta da jar fata a wuyan babur ɗin, ƙasa da kan tuƙi, kam-kam.

A Galabat, bakin iyakar Sudan, jami'in kwastan ya duba takardu, ya duba lambar inji, ya ce tamam. Sai ya durƙusa yana lalube.

"Ya zol, bawan Allah, ina lambar shasi?"

Lambar jikin babur tana nan daidai inda layar take. Ya ce in bai gan ta da idonsa ta dace da ta takarda ba, babur ba zai shiga Sudan ba. Ya nuna mini wasu babura da ke jingine a bayan ofis, rana ta cinye kujerunsu. Sannan ya miƙo mini reza.

Gwaggo ta riƙe hannuna. "Wallahi ba a sa wa sunan Allah wuƙa. Khalas, magana ta ƙare."

"Gwaggo, aikin fa zai wuce ni!"

"Ɗan nan, ka cika gaggawa. Matsa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na juya baya don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Ita kuwa ta cire fil daga mayafinta, ta zauna a ƙasa dirshan, ta shiga warware ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Masu manyan motoci suna ta danna oda, ko kallonsu ba ta yi ba. Jami'in ya gaji da tsayuwa, ya jawo kujera.

Da fatar ta buɗe, sai ga lambar tas, ba tsatsa ba laka, don fata ta kare ta duk tsawon hanya. Ya karanta, ta dace. Ya buga hatimin shiga na wucin gadi, ya gargaɗe ni in sabunta kafin wa'adi ya cika, ya ce, "Mabruk, ya Hajja." Ni da na tara takardu ko oho.

Na tayar da babur, ta hau baya da layarta a hannu. Tun barinmu gida ban yi dariya irin ta ranar ba. Muka shiga Gadarif da la'asar, na zarce kasuwar hatsi da ƙurar hanya a fuskata. Mai gonar yana tsaye da wani mutum da ya zo neman aikin a ƙafa. Ya dubi babur, ya dube ni, ya ce gobe in kwana a Simsim.